Ambulan a Cikin Jarida

Mahaifina direba ne. Shekara ashirin da shida ya yi yana tuƙa manyan ma'aikata a wata ma'aikatar tarayya a nan Abuja. A duk tsawon shekarun nan bai taɓa ƙuje mota ba, bai taɓa makara ba, bai kuma taɓa fara yi wa wanda yake tuƙawa magana ba. Wannan na ukun shi ya fi alfahari da shi. Idan ƙananan direbobi suka zo gaishe shi, sai ya zaunar da su a tabarma ya yi ta karanta musu: ka gaisar, ka rufe bakinka, in an tambaye ka ka amsa, abin da ka ji a mota ka bar shi a mota. Ni kuwa ina tsakar gida ina wanke-wanke, ina kwaikwayonsa da baki ba sauti, Inna tana harara ta.

Madubin gaban mota shi ne littafinsa. Da ya ɗaga ido sau ɗaya ya san irin safiyar da aka tashi da ita, ko ta buɗe rediyo ce, ko ta rage sanyin mota, ko kuwa ta yin kamar babu kowa a gaba. Ya san lokacin da Oga bai yi barci ba, ya san lokacin da aka ɓata masa rai a sama. Duk wannan sanin a kan mutum ɗaya ne, wanda Baba ya girme shi da kusan shekara goma.

A Mpape muke zaune, ciki da falo, a ƙarshen wata 'yar hanya da ko babur sai ya karkace yake shiga. Bangonmu yana da tsaga tun daga sama har ƙasa saboda nakiyar masu fasa dutse, kuma idan suka tayar da ita da rana har kwanukan Inna sai sun amsa. Daga bayan gidanmu ana hango rufin gidajen Maitama sarai. Maƙwabtanmu masu gadi ne, da direbobin tifa, da masu wanki da guga, da mata masu aikin gida. Da an idar da sallar asuba unguwar take gangarowa cikin gari, da yamma ta hauro a gajiye. Baba yana cikin masu fara gangarawa, takalminsa na aiki a leda saboda jan taɓon damina.

Ni ce babba a gidan, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kiran sunana, sai dai ya ce Uwata. Na karanci aikin gwaje-gwajen asibiti, wato duba jini da makamantansu. Yadda aka yi na gama, Allah kaɗai ya sani sai shi da Inna. Na yi bautar ƙasa, na dawo na zauna shekara biyu ina aika takardu ko'ina, har mai shagon hoto na bakin titi ya haddace fuskata. Ana nan sai wani babban asibitin kuɗi a cikin gari ya nemi ma'aikata. Na rubuta jarrabawa, na yi intabiyu, ban san kowa ba, ba wanda ya yi mini magana, aka kira ni aka ce an ɗauke ni. Ina sauka daga mota a Mpape na fara gudu, da mayafina da komai, kamar wata yarinya.

Sai dai tare da takardar ɗauka, matar da ke ofishin ma'aikata ta miƙo mini wani fom. Na garanto ne, wato wanda zai tsaya mini. Dole ya zama ma'aikacin gwamnati daga mataki na goma sha huɗu zuwa sama, ya sa hannu, ya buga hatimi, ya liƙa hotonsa. Ta ce ranakun aiki goma aka ba ni. Ba da mugunta ta faɗa ba, har tana murmushi, amma ta ƙara da cewa idan ban kawo ba akwai ta bayana a layi.

Ranar muka zauna muka lissafa duk wani babba da muka sani. Akwai limamin masallacinmu, mutumin kirki amma ba shi da mataki ko ɗaya. Akwai mai unguwa. Akwai ƙanin Inna malamin firamare, yana mataki na takwas, shi ne gwamnan danginmu. Akwai wani kofur ɗin ɗan sanda da ke haya a bayanmu. Muka ƙare kaf, ko kusa da sha huɗu ba mu je ba. Sai Inna ta ce, "To Malam, ai ga Oganka nan."

Baba ya ɗauki fom ɗin ya juya bayansa, ya sake juyo da gabansa.

Ya kamata in yi wa Oga adalci, don ba mugu ba ne. Darakta ne, ɗan Arewa kamarmu, mai karatu, mai sallah a kan lokaci. Shekara bakwai Baba yana tuƙa shi. Duk azumi sai an aiko mana da shinkafa da sukari. Lokacin da aka yi wa Inna aiki a ciki, shi ya lura Baba ya rame, ya tambaya, ya ɗauki nauyin komai. Amma kamar yadda Baba ya nuna mana a ranar, duk abin da Oga ya taɓa yi masa, shi ya gani da kansa ya yi. Ba a taɓa roƙonsa ba. Kuma Baba ya ga abin da ya sami wani direba mai yawan kai kuka. Ba a kore shi ba, ba a ko yi masa faɗa ba, wata safiya kawai aka ce ya miƙa makulli ya koma cikin tarin direbobin da ba su da oga, waɗanda ke wuni a gindin bishiya suna jiran a aike su. A can babu alawus ɗin tafiya, babu shinkafar azumi. Ƙannena huɗu suna makaranta a lokacin.

Duk da haka Baba ya karɓa. Ya sa fom ɗin a ambulan, ya sa ambulan a leda, ya ce zai nemi lokacin da ya dace.

Daga nan na zama mai gadin ƙofa. Kullum da yamma ina tsaye ina jiran ya hauro, kuma tun daga yadda yake taku nake sanin amsa. Ranar farko ya ce Oga yana kan waya tun daga gida har ofis. Ta biyu akwai baƙo a motar. Ta uku fuskar ba kyau. Ta huɗu ya ce, "Yau kam ya yi dariya, Uwata. Har na gyara murya, sai waya ta shigo." Yana faɗa yana murmushi, wai shi a ganinsa an samu ci gaba.

A rana ta biyar na kasa daurewa. Yana cin tuwo na tsaya a kansa na ce, "Baba, maganar minti ɗaya ce fa. Shekara bakwai kana buɗe masa ƙofa, sau ɗaya tak ba za ka iya ce masa ga buƙatarka ba? Mutum ne fa kamarka!"

Inna ta daka mini tsawa ta ce ko na haukace ne. Baba ya tsame hannunsa daga kwanon, ya wanke, ya ɗauki buta ya fita, alhali da sauran lokaci kafin a kira sallah. Har yau idan na tuna yadda ya tsame hannun nan sai in ji kunya ta rufe ni. Amma a lokacin ban ji komai ba sai haushi. Gani nake yi tsoro ne kawai irin na mutanen da, kuma da ni ce da tuni an wuce wurin.

Washegari ya dawo da fara'a, ya ce ya samo hanya. Kullum da safe shi yake tsayawa ya sayi jaridun Oga ya jera su a kujerar baya. To, a cikin ta saman ya cusa ambulan ɗin. Ya ce haka direbobi suke yi tun da can, idan za su aurar da 'ya ko za a yi suna, a cikin jarida suke sa katin. In oga ya gani kuma yana so, shi zai tayar da maganar. In ba ya so, sai ya yi kamar bai gani ba, kai ma ka yi kamar ba ka sa ba, gobe ku gaisa lafiya, babu wanda ya ji kunya. Ya ce da idonsa ya ga Oga ya kwashi jaridun ya hau da su sama. Na yarda cewa dabara ce mai kyau, har na ɗan sassauta.

Rana ta bakwai shiru. Ta takwas shiru. Da ya dawo a ta takwas ɗin bai ko shiga ɗaki ba, ya zauna a dakalin ƙofa ya ce, "Ya gani, Uwata. Tunda bai yi magana ba, amsar ke nan. Ki yi haƙuri, Allah zai kawo wani."

Ni kuwa na rantse a raina ba zan yi haƙuri ba. Da safe na koma asibitin na yi wa matar ƙarya cewa ruwa ya jiƙa fom ɗin, ta ba ni wani. Daga nan ban zame ko'ina ba sai ma'aikatar su Baba. A hanya na tsara maganata tsaf, da Hausa da Turanci, na maimaita ta har na haddace. Zan gaishe shi, in faɗi ko ni wace ce, in ce alfarma ɗaya nake nema. Me zai yi mini? Ai ba duka na zai yi ba.

Mai gadin get ya tare ni da irin Hausarsa ta Abuja. "Kai yarinya, ina za ka? Oga ya san da zuwan ka? Ba a shiga haka fa." Na ce ni 'yar direba ce. Nan take ya saki fuska, ya nuna mini wata bishiya a gefen wurin ajiye motoci, ya ce can ne wurin su babana. Ban je can ba. Na raɓe a bayan wata mota inda nake hango ƙofar ginin, na yi ta jira har bayan azahar.

Sai ga Oga ya sauko, cikin farar shadda, wani yana biye da shi da jaka. Ban taɓa ganin Baba a bakin aiki ba sai ranar. Mutumin da a gida sai ya dafa gwiwa yake tashi, na ga ya miƙe zumbur, ya taho da ɗan gudu yana gyara hula, ya buɗe ƙofar baya ya tsaya a gefe ya sunkuyar da kai. Na fito daga inda nake na nufe su. Baba ya ɗago ya gan ni. Ba fushi na gani a fuskarsa ba, da fushi ne da sauƙi. Tsoro na gani.

Oga ya bi idonsa ya juyo. Ya ce, "A'a, Malam, wannan ba 'yarka ba ce? Ikon Allah, ta girma."

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na dai tsinci gwiwata a ƙasa a kan kwalta mai zafi, ina cewa, "Ina wuni, Yallaɓai."

"Lafiya lau. Ya karatu? An gama ko?"

"An gama, alhamdulillahi."

"Madalla, madalla. Allah ya kawo aiki mai albarka."

Na ce amin. Hannuna yana cikin jaka, yana riƙe da fom ɗin, har ina jin gefen takardar a yatsana. Bai ma yi saurin shiga motar ba. Ya ɗan dakata, ya dube ni da kyau ya ce, "Lafiya dai ko?"

Na ce, "Lafiya lau, Yallaɓai. Na biyo ne in gaishe da Baba."

Ya ce na kyauta, Allah ya yi albarka. Ya shiga, Baba ya rufe ƙofar a hankali kamar yadda ya saba, ya zagaya, suka tafi.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa don Baba na yi shiru, don na ga tsoron da ke fuskarsa, don na tuna da bishiyar nan da ƙannena. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Gaskiyar ita ce maganar ta ƙi fitowa. A jami'a ina da ƙawa wadda za ta kira wani babban mutum a waya tana cin gyaɗa, ta ce masa kawu ina son kaza, ta kashe ta ci gaba da hira. Ban fi ta rashin baki ba, a aji ma ni ce mai gardama da malamai. Amma ita tun tana ƙarama take ganin ana tambayar irin mutanen nan abu suna yi. Ni kuwa tun ina ƙarama abin da na gani shi ne ana gaishe su, ana gode musu, ana jira su lura. Ashe duk karatun da Baba yake yi wa ƙananan direbobi a tabarma, ina kwaikwayonsa ina dariya, ya shige ni ban sani ba.

Da yamma ya dawo bai tayar da maganar ba. Ya ce dai, "Kin iso lafiya?" Da aka kawo abinci ya tsamo tsokar naman da ke cikin miyarsa ya sa a murfin kwano ya turo mini. Na so in ba shi haƙuri a kan abin da na faɗa masa, wannan ma bakina bai iya ba. Na ci naman ina hawaye, shi kuma ya yi kamar bai gani ba.

A rana ta goma na je na roƙi matar asibiti ta ƙara mini lokaci. Ita na iya roƙonta, don na ga takalminta irin nawa ne. Ta tausaya mini ƙwarai, amma ta ce ba a hannunta abin yake ba. Aka ba wadda take bayana a layi aikin.

Yanzu ina aiki a wani ƙaramin ɗakin gwaji a bakin babban titin Mpape. Masu fasa dutse da matansu da 'ya'yansu su ne masu zuwa, yawanci zazzaɓi ne. Ina yin aikina da kyau, ina kuma samun na rufin asiri. Baba ya yi ritaya lafiya, da makullinsa a hannu har ranar ƙarshe, ƙannena duk sun gama makaranta. Wani lokaci ina jin masu magana a rediyo suna cewa duk wanda ya dage zai samu, talauci ba hujja ba ne. Ba na musu da su, rediyon kawai nake ragewa. Na dage, na kuma ci jarrabawar da kaina. Abin da ya rage tsakanina da aikin nan taku uku ne a wurin ajiye motoci, kuma daga ni har mahaifina babu wanda aka taɓa koya wa yadda ake yin su.

Amma ban faɗi yadda ambulan ɗin ya ƙare ba. Bayan kamar mako uku da rufewar wa'adin, Baba ya dawo gida da la'asar sakaliya, abin da bai saba ba. Yana riƙe da shi a hannu, babu leda. Ashe masinjan ofis ne ya zo kwashe tsofaffin jaridu zai kai wa mai tsire, ambulan ya faɗo. Jaridun ko buɗe su ba a yi ba. Oga ya daɗe da komawa karanta labarai a waya, yana dai kwasar jaridun ne kullum don ya ga an ajiye masa. Da aka kai masa takardar sai ya aika a kira Baba sama. Shekara bakwai, ranar ya fara taka cikin ofishin.

Ya ce Oga ya yi ta faɗa cikin dariya, yana cewa, "Haba Malam! Kullum muna tare a mota, me ya hana ka yi magana?" Ya jawo aljihun tebur, ga hotunansa nan birjik an ajiye don irin wannan, ya zaro ɗaya ya liƙa, ya sa hannu, ya buga hatimi. Baba ya durƙusa ya yi godiya.

Na ce, "Ka gaya masa lokaci ya wuce?"

Ya ce, "Mutum ya yi maka alheri, sai ka ce masa ya makara?"

Na san waya ɗaya daga Oga za ta iya buɗe maganar asibitin nan sabuwa. Na tabbata shi ma Baba ya sani. Muka dubi juna, babu wanda ya faɗa. Wa zai je ya tambaya?

Na karɓi fom ɗin na duba. Komai ya cika, sa hannu mai kyau, hatimi shuɗi, hoton Oga yana murmushi. Yana nan a akwatina har yanzu, tare da takardun makarantata. Baba ya zauna a tabarma, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya daɗe yana kallon tsagar bango. Sannan ya ce, a hankali, ba tare da ya dube ni ba, "Bai ko karanta ba, Uwata. Wallahi ko minti ɗaya bai ɗauka ba."